Shekara guda ina kai 'ya'yana laburaren ƙaramar hukumarmu: ga abin da na gani

Na fi shekara 10 ina wuce ginin nan a adaidaita duk ranar da zan shiga kasuwa sayen yadi da zare, ban taɓa kawowa a raina akwai abin da zai shigar da ni ciki ba. A zatona wurin 'yan jami'a ne da ma'aikatan da suka yi ritaya masu zuwa karanta jarida. Fentin ginin ya koɗe, rana ta cinye rubutun allon da ke bakin ƙofa, in ba an nuna maka ba sai ka ce wani tsohon ofishi ne da aka daina amfani da shi.

Ɗana na uku ne ya kai ni. Yana aji 4 na firamare a lokacin, amma in ka miƙa masa littafin Hausa sai ya ɗora yatsa yana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Na sa masa lesin, kuɗi suka tafi, karatu bai zauna ba. Wata maƙwabciyata da nake yi wa ɗinki ce ta zo karɓar kayanta, ta tarar ina yi masa faɗa, ta ce, “Maman yara, ki kai shi laburare ranar Asabar mana. Ana tara yara ana yi musu karatu, kuma ko sisi ba a karɓa.” Ban gaskata batun kyautar ba, amma na shirya shi muka tafi.

Ɗakin yaran yana can baya. Tabarmi aka shimfiɗa, da kantoci gajeru daidai tsayin yaro, da fanka ɗaya a sama. Yara sun kai 20 a ranar. Ma'aikaciyar da ke kula da su dattijuwa ce mai sanyin murya, kowa Malama yake ce mata. Ta zauna a ƙasa tare da su, ta gyara mayafi, sai na ji ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Yaran suka amsa baki ɗaya, “Ta zo mu ji ta!” Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Rabon da in ji wannan amsar daga bakin yara da yawa haka tun ina ƙarama a tsakar gidan kakata, wadda ma ba ta yarda a yi tatsuniya da rana, tana cewa mai yi ɓacewa zai yi. A gidana kuwa, da zarar an yi sallar isha'i waya kowa yake nema.

Dabarar Malama ce ta kama ni. Ba ta ƙarasa tatsuniya da baki. Za ta ja labarin Gizo da Ƙoƙi har inda ya fi daɗi, inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya kowa ya buɗe baki yana jira, sai ta yi shiru. Ta ɗauko takardu da ta rubuta sauran labarin da manyan baƙaƙe aka yi mata hoton-kwafi, ta raba wa yara bibbiyu, ta ce duk mai son sanin yadda Gizo ya kuɓuta, ga shi nan a rubuce. Yaron da na sha fama da shi a gida, sai ga shi ya sunkuya a kan takarda shi da wani ɗan'uwansa suna ta kokawa da kalmomi, ba wanda ya ɗaga masa bulala, ba wanda ya yi masa tsawa. Sai kowa ya kai ƙarshe sannan ake haɗa baki a ce “Ƙurunƙus!”

Bayan tatsuniya akan yi kacici-kacici a allo. Ta rubuta “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya”, wanda ya gano tsintsiya ce ba zai faɗa da baki ba, sai ya tashi ya rubuta amsar da alli. A nan take gyara musu baƙaƙe masu lanƙwasa. Ta kan rubuta “kafa” da “ƙafa”, ko “bari” da “ɓari”, ta tambaye su ko abu ɗaya ne. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don yaranmu a waya suke fara ganin rubutun Hausa, inda yawanci ba a damu da ƙugiyar ba, har su girma ba su san akwai bambanci ba.

Wajen wata na uku, wata rana ina kan keke ina ɗinki, sai na ji ɗan nawa a bayana yana cewa, “Wuya, hannu, ƙugu, tsawon riga.” Littafin awona ya ɗauka yana karantawa, har da sunayen masu kaya da ranar da na yi musu alƙawari. Ya ɗago ya ce, “Umma, gobe ne fa ranar kayan Anti.” Na tsayar da keken na daɗe ina kallonsa. Yanzu shi ke karanta wa auta labari da dare, kuma ya koyi dabarar Malama, sai ya kai wurin daɗi ya rufe littafin ya ce sai gobe.

Sai dai lokacin da aka tsayar wa wannan zama bai yi daidai da rayuwarmu ba. Ƙarfe 10 na safiyar Asabar ne, kuma duk wanda ya san unguwanninmu ya san Asabar da Lahadi da safe yara suna Islamiyya. Alhamis da Juma'a ne ranakun hutun makarantun allo da yawancin Islamiyyu. Ni sai da na je na roƙi malamin su ya riƙa sallamar mini shi da wuri, ya kuma yarda, Allah ya saka masa. Iyaye da yawa da na yi wa tallar wurin suna jin lokacin sai su ce a'a, kuma ban ga laifinsu ba. Na yi wa Malama magana, ta ce, “Hajiya, na sani. Ranar aiki ana tashi ne daidai lokacin da yaran ke dawowa daga boko. Asabar ɗin ma ni na ɗora wa kaina.” A nan na gane cewa abin da ya fi kowanne kyau a gidan, a wuyan mace ɗaya yake rataye. Ranar da ta yi tafiya gaisuwar rasuwa, yara suka zo suka tarar da ɗaki a kulle.

Abu na biyu da muka amfana da shi shi ne horon kwamfuta na masu shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Tun 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa da takarda da fensir, kowa a kwamfuta yake yi, tambaya 180 cikin awa 2. 'Yata ta fari ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ita kaɗai ba, don a makarantarsu a allo aka zana musu ita. Yaro irin wannan ko ya san amsa, rawar hannu kaɗai ta isa ta cinye masa lokaci. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya riƙa koyar da su da yamma. Ya nuna musu ba dole sai da linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta dawo da kai baya, S kuwa ta miƙa amsoshi ce, kada hannunka ya je kusa da ita sai ka gama. Yana sa musu agogo kamar ranar jarrabawa ta gaske. Ya kuma zaunar da mu iyaye ya yi mana bayanin rajista: ba a yi sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, ana tura ta zuwa 55019 don samun lambar da za a yi rajista da ita, kuma layin da aka yi amfani da shi kada a yar da shi. Ya ce kowa ya duba ko sunan da ke kan NIN ya yi daidai da na takardun makaranta. Da muka duba na 'yata, sai ga sunan mahaifinta an rubuta shi iri biyu. Da ba don wannan zaman ba, sai a bakin rajista za mu sani.

Matsalar nan ita ce wuta. Kwamfutocin ba su da yawa, wasu ma sun mutu an lulluɓe su da ƙyalle, yara uku-uku ke jiran guda ɗaya. Ana cikin gwaji sai a ɗauke wuta, janareta kuma ba kullum yake da mai ba. Akwai ranar da na biya mata kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ta zauna awa 2 ta dawo ba ta taɓa komai ba. Daga baya iyaye muka riƙa haɗa kuɗin mai a tsakaninmu. Kuma ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi. Ya gama, mun yi masa addu'a ya tafi garinsu, ɗakin ya yi wata da watanni ba mai koyarwa. In masu iko da gidan za su ji shawarata, sola ko da ta ɗakin nan kaɗai ce, da ma'aikaci na dindindin guda ɗaya, sun fi duk wani fenti da za a yi wa bango.

Akwai kuma ajin manyan mata, Talata da Laraba bayan azahar. Mu a Kano wannan ba baƙon abu ba ne, tun 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, kuma iyayenmu da yawa a ajin yaƙi da jahilci suka koyi rubuta sunansu. Ƙanwar mahaifiyata na kai. Ba na son a kira ta jahila, mace ce da ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana karanta ajami, boko ne kawai ba ta yi ba. Awara take soyawa a ƙofar gida. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, masu saye suka koma tura kuɗi ta waya, ita kuma ba ta iya karanta saƙon banki. Sai ta jira jikanta ya dawo, kuma sau biyu aka nuna mata waya aka ce an tura alhali ba a tura ba. Malamar ajin da lambobi ta fara musu, sannan kalmomin da ke zuwa a saƙon banki, kowace ta fito da wayarta a duba tare. Na ga hikima a nan, don mace mai shekara 55 ba za ta jure wata shida tana “ba, bi, bu” ba tare da ta ga amfaninsa a sana'arta ba. Yau Inna da kanta take duba alat, ta ce wa mai saye, “Ɗana, bai shigo ba tukuna, ɗan tsaya.” Abin da ajin ya rasa shi ne wurin ajiye yara. Masu goyo suna zuwa, jariri ya fara kuka uwa ta fita, darasi ya wuce ta.

Duk ƙarshen wata marubuta matasa kan taru a babban ɗaki, yawancinsu 'yan matan nan masu rubuta labarai a WhatsApp, kowa ya karanta nasa a yi masa gyara. Sau ɗaya na zauna, na ji ana gyara mai zafi amma cikin mutunci. 'Yata ta fi ni zuwa.

Taron da ya ɓata mini rai shi ne na Ranar Hausa, 26 ga Agusta. Yaran Malama sun yi makonni suna shirya wasan kwaikwayo da gasar karin magana. An ce ƙarfe 10, muka zo da wuri, yara sun sha kwalliya, wasu da rawani wasu da zane da ɗankwali. Aka zauna jiran babban baƙo har rana ta take. Da ya iso aka shiga jawabai, wani ma rabin nasa da Turanci ya yi, a ranar Hausa. Kafin a zo kan yara an kira azahar, aka ce su taƙaita. Ɗana da ya haddace karin magana 15, guda 3 aka bari ya faɗa. A adaidaita bai ce mini uffan ba har muka isa gida. Ina roƙon masu shiryawa, in shekara ta zagayo a fara da yara, manya su yi jawabinsu daga baya.

Wanda zai je ya tafi da ruwan shansa, kuma a kai yara banɗaki tun daga gida, don na can ba kullum yake da ruwa ba. Katin zama mamba ba shi da tsada, bai kai katin wayar da nake sakawa a mako ba, hoto ƙarami biyu kawai ake nema. Littattafan Hausa na yara sun yi kaɗan kuma sun tsufa, wasu shafukan da salatif aka riƙe su, don haka ba kowanne ake bari a tafi da shi gida ba. Sannan ba a sanar da komai. Takarda ɗaya ake mannawa a cikin gini, sai wanda ya riga ya shigo zai gani. Ga masallatai, ga masu unguwa, ga gidajen rediyo, ga zaurukan WhatsApp na iyayen yara, amma ni sai a bakin mai karɓar ɗinki na ji.

Duk da haka ina shaida wa kowace uwa ta kai ɗanta, musamman wanda karatu ya yi wa nauyi. Mu iyaye 6 mun rubuta takarda mun sa hannu, muna neman a ƙara zaman tatsuniya ranar Alhamis bayan la'asar, kuma biyu daga cikinmu sun ce za su riƙa taya Malama in an amince. Mun miƙa wa shugaban gidan makon jiya, ya karɓa da hannu biyu ya ce zai kai gaba. Asabar mai zuwa da yara 5 zan tafi, nawa biyu da na maƙwabta uku, na riga na yi magana da mai adaidaitan da zai ɗauke mu.