Tsakanin LAAT da Lambda, ga wanda zan ce ka saya

Malam, tsakanin jiragen Star Wars biyun nan na LEGO da kake ruwan ido a kansu, LAAT na sojojin Jamhuriya da Lambda na Daula, ɗauki LAAT. Duka biyun ina da su, kuma tunda ka ce tarihin jirgi ya fi damun ka a kan kyan gani, ai zancen bai da tsawo.

LAAT jirgi ne da aka ƙera a ɓoye. A cikin labarin, kimanin shekara 10 kafin yaƙi ya ɓarke aka ba mutanen duniyar Kamino aikin samar da runduna ta sojojin da aka kwafo daga mutum ɗaya, Jango Fett. Runduna kuwa ba ta tafiya da ƙafa daga wannan duniya zuwa waccan, shi ya sa aka ba kamfanin Rothana, wanda reshe ne na Kuat, kwangilar motoci da jirage. Su suka yi babban jirgin Acclamator mai tsawon mita 752, wanda ke kwasar soja 16,000 da ƙananan jirage 80 a cikinsa. Waɗannan ƙananan su ne LAAT. Babban ya kawo runduna bakin duniyar da za a yi yaƙi, ƙaramin ya sauke ta a tsakiyar wuta. Tsawonsa bai wuce mita 17 da ɗoriya ba, yana ɗaukar soja 30, matuƙa biyu a gaba ɗaya bayan ɗaya, ga maharba a cikin ƙwallayen gilashi a gefe da gefe, ga manyan bututun harba makamai masu linzami a gadon bayansa. Ba shi da injin tsallaka tazarar taurari, don haka ba ya doguwar tafiya shi kaɗai. Akwai ɗan'uwansa da aka fafe wa ciki, wanda aikinsa ɗauko tankar nan mai ƙafa shida, AT-TE, ya dire ta a filin daga.

Fitowarsa ta farko a fim ɗin Attack of the Clones ne na 2002, a duniyar Geonosis, shekara 22 kafin yaƙin Yavin, wanda daga shi ake ƙirga shekarun labarin. Mace Windu, ɗaya daga cikin shugabannin Jedi, wato mayaƙan da ke kare Jamhuriya, ya shiga filin faɗa da Jedi kimanin 200, an kashe mafi yawansu, sauran 'yan kaɗan an yi musu zobe, sai ga jiragen nan sun sauko da Yoda, babban malamin Jedi, a bakin ƙofar ɗayansu. Ranar nan jirgin ceto ne. In kuma kana son ganin abin da sojojin cikinsa ke sha, nemi kashi na biyu na shirin talabijin The Clone Wars, inda aka koma Geonosis karo na biyu. Ana kakkaɓo jiragen ɗaya bayan ɗaya tun kafin su taɓa ƙasa, na Obi-Wan, ɗaya daga cikin Jedi, ma ya faɗi, sai da soja biyu, Waxer da Boil, suka je suka jawo shi daga cikin tarkace. A wannan shirin ne za ka lura sojojin suna yi wa hancin jiragensu zane, kowace runduna da nata. Mutanen da aka haifa da fuska ɗaya, aka ba su lamba a madadin suna, sun samu wurin da za su nuna cewa wannan namu ne. Wannan abu yana taɓa ni sosai.

Bayan shekara 3 aka ba da Umarni na 66, wato umarnin kashe Jedi, sojojin suka juya kansu, Jamhuriya ta koma Daula. Jirgin bai canja ba, matuƙansa ba su canja ba, amma wanda jiya ya ji ƙararsa ya yi hamdala, yau in ya ji sai ya nemi maɓoya. Daular ta ci gaba da amfani da shi na ɗan lokaci kafin ta kawo nata. Ko siffarsa ma tana da asali a duniyarmu: masu zanen fim ɗin sun ɗauko ta daga jirgi mai saukar ungulu na Tarayyar Sobiyet, Mi-24, wanda ke haɗa kai hari da ɗaukar soja. Rundunar sojin saman Najeriya tana da irinsa, don haka duk wanda ya taɓa ganin Mi-35 zai gane kumburarren gilashin matuƙan nan biyu.

LAAT ɗina na LEGO lamba 75021 ne, na 2013, guntaye 1,175. Wani abokina ne ya taho mini da shi na hannu daga Ingila, ba kwali, amma da littafin haɗawa. Lokacin dogon hutu muka baje shi a tabarma ni da ɗan yayana, shi yana ware launuka a murafan kwanoni, ni ina bin littafi. Da muka zo kan ƙofofin gefe yaron ya buɗe ya leƙa ciki, ya ce, “Kawu, ina kujerunsu?” Na ce babu, a tsaye suke tafiya, kowa riƙe da igiya a sama. Ya yi jim, sai ya tambaye ni ko suna jin tsoro. Daga nan muka shiga hirar Kamino da Geonosis har aka kira magariba, kuma yanzu ya fi ni sanin sunayen kwamandojin. Jirgin yana da marikin ɗauka a sama, yaro zai iya yawo da shi a tsakar gida ba tare da ya watse ba.

Lambda kuwa, to, yana da kyau, ba zan hana shi ba. Mita 20, fasinja 20, kamfanin Sienar, fukafukai uku, biyun ƙasa suna naɗewa sama in zai sauka, kuma shi yana iya tafiya mai nisa da kansa. Amma motar gwamna ce a sararin samaniya: ya kawo Darth Vader, ya kawo Sarkin Daula, a jera sojoji a yi fareti. Labari ɗaya mai daɗi gare shi, na wani mai suna Tydirium da 'yan tawaye suka sace suka shiga duniyar Endor da shi a fim ɗin Return of the Jedi na 1983. Na sayi lamba 75302 mai guntaye 660, yana nan saman kabad, ƙurar hunturu ce kawai ke kai masa ziyara.

In 75021 ya yi wuyar samu, nemi 75354 na 2023, guntaye 1,083, ja da fari, na dakarun tsaron Coruscant, da Kwamanda Fox da Palpatine da Padmé a ciki. Ya ɗan fi nawa ƙanƙanta. Akwai kuma babban na ajiya, 75309 na 2021, guntaye 3,292, wanda masoya suka zaɓa da ƙuri'a. An fara sayar da shi dala 350, kuma faɗinsa ya haura santimita 70, sai ka tanadi wurin ajiye shi tukuna.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Jabu ya yi yawa. Za su sa hoton kwalin asali, su karya farashi, su ce saura ɗaya, kaya su iso a leda da guntayen da ba sa kama juna. Na asali, kowane ɗan tudu da ke kan bulo akwai sunan LEGO a rubuce a kansa, har a jikin 'yan mutum-mutumin. Ka ce a ɗauko maka bidiyo na kusa, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefen kayan. In na hannu ne, ka tambayi 'yan mutum-mutumin ɗaya bayan ɗaya, domin su ake fara zarewa a sayar daban, sannan a ce maka kaya cikakke ne. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ya nuna maka ko littafin haɗawa, rabu da shi, ka jira wani 75354 ɗin ya fito.