Ɗan yayana, gudun mita 800 da burin zama likita a Amurka

'Yan uwa na gida, barkanmu da warhaka. Ɗan yayana yana karatu a wata jami'a a nan Texas, gudun mita 800 ne ya sama masa gurbi, burinsa kuma aikin likita. Abin da na gani a kansa cikin watan Afrilu har yanzu yana raina.

Za a tafi da su gasa wata jiha, ga jarrabawar kemistiri ta faɗo rana ɗaya. Hankalina ya tashi, shi kuwa ya ce, "Baffa, kada ka damu." Ashe malamin ya liƙe tambayoyin cikin ambulan, ya damƙa wa wata ma'aikaciya wadda aikinta kenan, kula da karatun 'yan wasa. Ta bi su a jirgi, ta zaunar da shi a wani ɗaki na otal, ta karɓe wayarsa, ta sa masa lokaci. Da safe ya rubuta, da yamma ya shiga fili. Babu roƙo, babu na goro, babu neman wanda ya san wani. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don na tuna yaran da muka taso tare masu ƙafa kamar barewa, waɗanda aka ce su zaɓi ɗaya, ko boko ko wasa.

Amma kada ku ɗauka sauƙi ne. A nan ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai ka gama digirin farko na shekara huɗu, ka zauna jarrabawar neman shiga makarantar likita, wato MCAT, ta sama da awa bakwai, mai maki daga 472 zuwa 528, sannan ka sake wasu shekara huɗu. Ana kuma so a ga ka bi likita a asibiti, ka yi aikin sa kai. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙayyade awa 20 a mako a lokacin kakar wasa, amma tafiye-tafiye da jinyar rauni ba sa cikin lissafin, haka atisayen da ake kira na ganin dama, wanda kowa ya san in ka ƙi zuwa koci zai lura. Wannan yana ci min rai ƙwarai. Ɗakin gwaje-gwaje da yamma yake, atisaye ma da yamma. Da azumi yaron nan shi kaɗai yake buɗa baki a ɗakin karatu, babu kunu, babu ƙosai, babu mai ce masa sannu da shan ruwa. Ga bashin makarantar likita, da yawa suna fitowa da kusan dala 200,000, kuma da kuɗin ruwa.

Ana yawan ba shi misali da Myron Rolle, ɗan ƙwallon Amurka na jami'ar Florida State. A Nuwamban 2008 ya je ganawar neman tallafin karatu na Rhodes a Alabama, ya samu, ya hau jirgi ya tarar da wasansu a Maryland a daren. Yau likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne.

Mu kuwa muna da gasar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, tun 1966, amma ɗalibin likita da aka gani da takalmin ƙwallo sunansa shashasha, iyayensa ne ma za su fara faɗa. Me zai hana jami'o'inmu su ware ma'aikaci ko ɗaya don irin waɗannan yara?

Shi dai ya yanke shawarar ɗage MCAT sai ya kammala kakarsa ta ƙarshe, ya yi shekara guda yana aiki a asibiti kafin ya nemi gurbi. Mahaifinsa a gida bai yarda ba tukuna, ni ake jira in shawo kansa.