Firefox ko Chromium a kan Linux Mint: wanne ya fi saurin samun faci?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda Mint, wato wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, aka saka maka, kuma damuwarka ita ce wace burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ce ta fi saurin samun faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar tsaro, ka riƙe Firefox ɗin da ka tarar a ciki. Kada ka bari kowa ya cire maka shi.

Shekara huɗu ke nan ina amfani da shi a wata tsohuwar ThinkPad da na saya hannu na biyu. Da shi nake shiga banki, da shi nake cike wa ƙannena fom ɗin JAMB. Abin da ya sa hankalina ya kwanta da shi ya faru ne a watan Oktoban 2024. Masu bincike na kamfanin ESET suka gano wata kafa a Firefox wadda masu kutse sun riga sun fara bi ta cikinta. Shafin da aka ɗana wa tarko kawai za ka buɗe, ba sai ka danna komai ba. Masu Windows aka fi kai wa harin, amma ramin yana jikin burauzar kanta, don haka mu ma masu Linux bai bar mu ba. Cikin kimanin awa 25 Mozilla, kamfanin da ke yin Firefox, ta fitar da gyara, sigar 131.0.2. Ina zaune a shago, babu wuta, batir ya kusa rabi, sai na ga 'yar alamar garkuwar nan ta Mint da ke ƙasan allo ta hannun dama tana nuna akwai sabuntawa. Na haɗa da datar wayata, na danna, kafin shayin da na aika a kawo ya iso an gama. Wallahi ranar na ji daɗin injin nan.

Amma ka kula da abu ɗaya, don mutane da yawa a nan suke yin kuskure: facin ba ya kama aiki sai ka rufe burauzar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Wanda ya bar shafuka talatin a buɗe sati guda yana rufe murfin laftof kawai, tsohuwar sigar ce ke gudana ko da sabuwar ta sauka.

Chromium kuwa, to, ba laifi. A Linux ba ya sabunta kansa, sai masu Mint sun haɗa sabon sun turo. Ka ajiye shi don shafin da ya ƙi buɗewa a Firefox.

Kada kuma ka ɗauka akwai wadda ba ta ɓulewa. A Satumbar 2023 an gano rami a manhajar da ke karanta hotunan WebP, ya shafi su biyun a lokaci guda. Firefox na fitar da sabuwar siga akai-akai, ban da gyaran gaggawa, saboda haka ko sau ɗaya a sati ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, don sauke sabuntawa ka rubuta sudo apt update, sannan sudo apt upgrade.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, saboda ni an taɓa yi min. Kafin wannan na sayi wata laftof wurin wani mai sayar da tokunbo, ya rantse min cewa Linux ba ta kamuwa da komai, har ya kashe min sabuntawa wai don kada ta cinye min data. Burauzar ma daga filashinsa ya kwafo ta, ba daga rumbun manhajojin tsarin ba, shi ya sa ba ta taɓa samun faci ko ɗaya ba. Sai bayan wata takwas na gane. Wasunsu har yau Ubuntu 18.04, wata tsohuwar sigar wani nau'in Linux, suke ɗora wa mutane, alhali tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 2023. Wani kuma zai caje ka kuɗin riga-kafin bairos na musamman. Kada ka ba shi ko sisi.

Ka duba lambar sigar Mint ɗinka yau. In 21 ce kana da tallafi har 2027, in 22 ce har 2029. In ta gaza 21, ka kwashe fayilolinka ka sa a ɗora maka 22 a gaban idonka.