YouVersion a hannun marubuci Kirista mai son talabijin

Marubucin ƙagaggun labarai da yake Kirista, kuma shirye-shiryen talabijin masu dogon zango suka shiga ransa, yana raba 'yan sa'o'insa ne tsakanin ibada da rubutu da kallo. Kallon ne ya saba cinye rabon sauran biyun. Da wannan ma'auni za mu duba manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda ikkilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma ta Amurka ta fitar a 2008. Kyauta ce, ba talla a ciki, kuma a 2021 an sauke ta fiye da sau miliyan 500.

Inda ta fi amfani ga mai rubutu shi ne kwatanta fassarori. Ka taɓa aya, ka zaɓi kwatantawa, sai fassarorin da ka tara su jeru a fuska ɗaya, har da na Hausa irin su Sabon Rai Don Kowa. Wanda zai sa aya a bakin wani fasto ko wata dattijuwa a labarinsa yana bukatar wannan, domin ayar da aka ɗauko daga ka sau da yawa gauraye ce ta fassara biyu, kuma mai karatu da ya san Littafi zai gane nan take. Haka kuma a nan mutum zai ga yadda ake gina labari. Duba 2 Sama'ila 12: annabi Natan bai fara da zargi ba, ya ba Dauda labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ya bar sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya ce masa shi ne mutumin. Rut sura huɗu ce kacal, labarin Yusufu kuwa daga Farawa 37 zuwa 50. Mai sha'awar jan rai irin na talabijin zai sami abin koyo a yadda Yusufu ya ɓoye kansa daga 'yan'uwansa har zuwa sura ta 45.

Tsare-tsaren karatu suna da kyau, in an zaɓa da hankali. Littafin yana da surori 1,189, don haka tsarin shekara guda yana neman sura uku zuwa huɗu kullum. Kwana biyar na fashi ya zama bashin sura goma sha biyar zuwa ashirin, a nan kuwa mutane da yawa ke sarewa. Ga mai aikin rubutu, gara Markus mai sura 16 ko Karin Magana mai 31, sura ɗaya kowace safiya kafin a taɓa alƙalami.

Sai rauninta. Wurin ajiye bayani bai isa ya zama littafin marubuci ba. Kowane bayani a manne yake da aya, kuma kwaso su zuwa kwamfuta aiki ne na kwafa ɗaya bayan ɗaya. A duba kuma a tabbata an sa bayanin a matsayin na sirri, kada abokai a manhajar su ga ɗanyen tunanin da ba a gama ba. Ƙidayar kwanaki a jere da take nunawa ma tana da yaudara: buɗe manhajar take ƙirgawa, ba bimbini ba. Mutum na iya leƙawa a tsakanin kashi biyu na shiri, lambarsa ta ƙaru, bai karanta komai ba.

Babbar matsalar dai ita ce tana zaune a waya ɗaya da Netflix da YouTube, kuma ba ta da ikon rufe su. Sai an haɗa mata da taimako. Da farko a buɗe asusu, a sauke fassarar da ake so, ta yadda za a iya karatu an kashe intanet (ba kowace fassara ke saukuwa ba, kuma sautin karatu yakan nemi intanet). A iPhone a sa lokacin hutu a Screen Time, wato saitin da ke ƙayyade lokacin amfani da waya, a bar YouVersion cikin manhajojin da aka yarje wa kullum. A Android kuwa irin wannan saitin, Digital Wellbeing, yana da agogon da ke rufe manhaja idan mintunanta sun cika. Akwatin talabijin ba ya jin wannan doka, saboda haka a shiga saitin Netflix a kashe kunna kashi na gaba kai tsaye. Wannan kunnawar kai tsaye ce ke mayar da kashi ɗaya ya zama huɗu, dare ya raba, karatun safe ya tafi.

Mai shirin buga littafi ya lura cewa yawancin fassarori suna da haƙƙin mallaka. Bayanin yana ƙarƙashin kowace sura. A rubuta sunan fassarar tun lokacin da aka kwafo ayar, don neman asalinta bayan an gama littafi wahala ce.