Yaya, ga lissafin kayan kasuwar rangwame

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da mutanen kasuwa. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ina nan tafe da kiran waya ranar Juma'a in Allah ya kai mu.

Na saurari saƙonka na murya. Kana so ka riƙa turo kuɗi ina sayo maka riguna da takalma a kasuwar nan da ka gani a hotuna, ina aikowa, kai kuma kana sayarwa a shagonka na kasuwar Wunti a Bauchi. Na san ba ƙaramin tunani ka yi ba kafin ka ambaci jarinka, shi ya sa na zauna na rubuta maka komai dalla-dalla.

Sunan wurin The Mills at Jersey Gardens, a garin Elizabeth na jihar New Jersey, ba nisa da birnin New York. An buɗe shi a 1999, a kan filin da a da juji ne, inda ake jibge shara. Gini ɗaya ne mai hawa biyu, shaguna kusan 200 a ƙarƙashin rufi guda, irin su Nike da Burlington da Marshalls. Kewaye da shi filin ajiye motoci ne mai faɗin gaske. Ta gefe ɗaya akwai filin jirgin sama na Newark, kana tsaye kana neman inda ka ajiye mota jirgi zai sauko ƙasa-ƙasa har kana karanta sunan kamfanin a jikinsa. Ta ɗaya gefen tashar jiragen ruwa ce, kwantenoni jibge a kan juna iya ganinka. Sai otal-otal, da katafaren shagon kayan ɗaki na IKEA, da babbar hanyar da ake biyan kuɗi kafin a bi. Ba wuri ne da mutum zai fito daga gida ya taka ya je ba. Ko dai kana da mota, ko ka hau bas. Masu zuwa daga New York lamba 111 suke hawa. Ba mai shayi a bakin ƙofa, ba mai tallar ruwa, ba ɗan dako.

Abin da ke jawo mutane shi ne a New Jersey ba a ɗora harajin saye a kan tufafi da takalma. A birnin New York kuwa, rigar da ta kai dala 110 sai an ɗora mata haraji na kashi 8.875. Don haka za ka ga baƙi daga ƙasashe daban-daban suna jan akwatin tafiya a cikin kasuwa, fanko suka shigo da shi, kafin yamma ya cika. Amma jaka da turare da agogo ba sa cikin wannan sassauci, kuma farashin da ke maƙale a jikinsu ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ƙara haraji.

Yanzu maganar araha. Kowace riga tana ɗauke da 'yar takarda mai farashi biyu, na sama an soke shi da layi, na ƙasa da jan rubutu. Ka ga dala 80 an soke, an rubuta 30, zuciyarka ta ce ka tsinci dami a kala. To ka sani, ba duk kayan irin waɗannan kasuwanni ba ne ragowar manyan kantuna. Da yawa daga cikinsu tun daga masana'anta don shagon rangwame aka ɗinka su, da yadi mai sauƙi, kuma ba a taɓa sayar da su a wancan farashin na sama ba. Wannan ba zargina ba ne ni kaɗai: a 2014 'yan majalisar dokokin Amurka huɗu sun rubuta wa hukumar da ke kula da cinikayya suna neman ta binciki wannan ɗabi'a. Kai da ka san yadi, da ka murza shi tsakanin yatsu za ka gane. Na taɓa haɗa wando biyu masu tambari ɗaya, na babban kanti da na shagon rangwame, na juya cikinsu. Ɗinkin aljihun ɗaya ninki biyu ne, ɗayan sau ɗaya aka bi shi, zif ɗin ma ba nauyinsu ɗaya ba.

Sannan ka juya wuyan rigar ka karanta inda aka yi ta: Bangaladash, Biyetnam, Chaina. Wato kaya ne da suka ratso teku suka zo nan, aka biya musu kuɗin fito, aka ɗora kuɗin haya da albashin ma'aikata na Amurka, sannan mu kuma mu sake mayar da su teku zuwa Legas. Tun da dala ta haura naira dubu, rigar dala 25 ta wuce naira dubu 25 tun tana rataye a nan. Ƙara kuɗin kagon jirgin sama da ake auna shi da kilo, ƙara na kwastan, ƙara na mota daga Legas zuwa Bauchi. In ta ruwa ne ya fi sauƙi, amma jarinka zai kwanta wata da watanni. Ranar da ta iso, wanda zai taya ta ya riga ya ga mai kama da ita da aka sauko da ita daga Kano, ko ya zagaya wajen 'yan gwanjo ya samu ta ainihi a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Zai taya, ka ce albarka, ya wuce. Wannan ne ya sa ban goyi bayan ka zuba jarin shago a riguna ba.

Kayan wuta ma ka cire su daga lissafi. Wutar nan 120 ce, tamu 230. Dutsen guga ko injin markaɗe na nan in aka jona shi kai tsaye a gida, ƙonewa zai yi.

Inda na ga akwai riba shi ne takalman wasanni da na yara, da jakunkunan makaranta, idan aka jira ƙarshen yanayi. Su nan ba sa son kayan bazara su kwana har sanyi, wurin ajiya ya fi musu tsada a kan asarar, sai su tura su can bangon ƙarshen shago su karya farashi sosai. Haka ranar Black Friday, Juma'ar da ke biyo bayan bikin godiyarsu a ƙarshen Nuwamba. Takalmi na ainihi yana da masu nemansa a Bauchi, 'yan jami'a da ma'aikata da suka gaji da jabu, kuma za su biya in sun yarda da kai. Sai dai a bangon rangwame abin da ya rage shi ake samu, sau da yawa ƙanana ƙwarai ko manya ƙwarai. Lambobinsu ma daban: abin da kuke kira 42 a nan wajen 9 ne.

Akwai abin da ya burge ni, kuma ina so ka yi tunani a kansa. Na saya wa ɗan autana takalmi, muka koma gida ya ce yana matse shi. Bayan kwanaki na koma da shi a kwalinsa da rasit. Yarinyar da ke wurin biya ta ɗaga shi, ta duba tafinsa ta ga bai taka ƙasa ba, ta haska rasit ɗin da na'ura, ta tambaye ni kuɗi nake so ko canji. Ba ta kira oga ba, ba ta ɓata fuska ba. Saboda na san zan iya dawowa da kaya, nakan saya ba tare da dogon nazari ba, kuma su sun san haka. A wurinmu kuwa rasit da yawa a ƙasansa an buga cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Da za ka ce wa mutanenka duk wanda ya sayi takalmi bai yi masa ba ya dawo da shi cikin mako, muddin bai taka ba, na tabbata labarin zai zaga Wunti har kasuwar Muda Lawal, kuma ba dala ko ɗaya da za ka kashe.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Ba a ciniki, abin da na'ura ta ce shi ke nan. Ba mai ce maka ɗauka, ka kawo ƙarshen wata. Ba wanda ya san mahaifinka. Wando ya yi min tsawo, rage ƙafarsa kawai aka karɓi dala 15, kuma sai da na jira kwanaki. Telan bayan shagonka yana gama wannan kafin ka shanye kunun aya. Takalmi in ya ɓalle ba a neman mai gyara, kwandon shara ake nema, abin yana ci min rai har yau. La'asar kan yi ta wuce ba ka ji kiran salla ba, sai dai ka duba waya, ka fita ka shimfiɗa darduma a gefen mota.

Ga abin da nake ba da shawara. Akwai ɗan garinmu da zai zo gida a Disamba, yana da izinin akwati biyu masu kilo 23 kowanne, ya ce zai bar min ɗaya. Ka turo min lambobin da suka fi tafiya a wurinka, da kalolin da samari ke nema yanzu, ni zan sa kuɗina a wannan karon. In sun iso ka rubuta nawa kowanne ya faɗi da kwana nawa ya yi a shago, sai mu zauna a kan lissafin kafin azumi mu ga ko za a yi na kayan salla.

Ƙaninka, daga Newark.