Me za ka saya don wanke kan batirin mota da ya ci?

Garin da ke taruwa a kan batir, fari ko shuɗi-shuɗi, ruwan batir ne ke haifar da shi. Asid ɗin yakan fito ta gefen sandar batir ko ya biyo tururi lokacin caji, sai ya ci dalmar da aka yi sandar da ita ya bar farin gari, ya ci tagullar waya ya bar shuɗi. Da zarar garin ya shiga tsakanin sanda da maƙalarta, wuta ba ta wucewa sosai, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai. Saboda haka abin wanki nagari shi ne wanda zai kashe asid ɗin, ba wanda zai share gari kaɗai ba.

Bekin soda ne kan gaba, ga araha ga aiki. A wajen masu sayar da kayan kek ake samunsa, amma ka tabbatar soda aka ba ka, ba bekin foda ba, don shi an riga an gauraya masa wani asid da gari, ƙarfinsa kaɗan ne. Babban cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi, kamar mililita 250, ya isa kai biyu. Ka riƙa shafawa har kumfa ta daina tashi, alamar asid ya mutu ke nan. Ka kula kada ruwan ya shiga ramukan batir mai murfi, zai raunana ruwan da ke ciki.

Kanwa ma tana kashe asid, sai dai tana zuwa da ƙasa da gishiri. In babu soda, a jiƙa ta, a tace, a ɗauraye da kyau bayan an gama.

Akwai na feshi a gwangwani, irin na kamfanin CRC, wanda kumfarsa ke sauya launi inda ta taɓa asid. Amfaninsa na gaske ke nan: yana nuna maka ainihin inda batir ke yoyo. Mai gareji ko mai motoci da yawa zai ci riba da shi. Mai mota ɗaya kuwa, kuɗinsa ya fi aikinsa.

Ruwan zafi zalla yana narkar da garin nan take, amma asid ɗin yana gangarawa ya ci farantin da batir ke zaune a kai. Coca-Cola kuma, da wasu bakanikai ke tsiyayawa, ita kanta asid ce, ga sukari da ke bushewa ya kama ƙurar hunturu. A bar ta.

Wanki kaɗai ba ya gyara wurin haɗuwar. Ka sayi burushin waya na kan batir, mai baki biyu: ɗaya ya rufe sanda, ɗaya ya shiga cikin maƙala. Samfefa tana yi, amma dalma tana da laushi, in ka cika gurza sandar za ta sirance, maƙala ta daina kamawa. Idan maƙalar ta tsage ko ta ci ta yi siriri, sauya ta. Ta farar tagulla mai kauri ta fi ta siririn ƙarfe daɗewa. Cusa ƙusa ko gwangwani don ta matse yana ƙara zafi ne a wurin.

Kafin a fara aikin, a kashe mota, a sa safar hannu da tabarau, ba taba ba wuta. Da sufana, galibi lamba 10, a fara cire kai mai alamar ragi, sannan mai alamar tarawa. In ka fara da na tarawa sufana ta taɓa jikin mota, tartsatsi ne. Wajen mayarwa, na tarawa da farko. Sai an ɗaure tam sannan a shafa basilin ko giris ta waje. Zoben auduga ja da kore da ake sawa a gindin sanda suna taimakawa, ba su da tsada.

Idan garin ya dawo cikin 'yan makonni, kada ka ƙara sayen abin wanki. Je wurin rewaya ya sa mita: batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe, tsakanin 13.8 da 14.7 idan inji yana aiki. In ya kai 15, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ce ke tafasa shi. In cajin daidai ne amma gindin sandar kullum da danshi, batirin ya tsage a wurin, sai sabo.