Daga Birtaniyar Faransa: maganar man gansakukar teku

Ƙanwata, ina gaisuwa, ki gaida Inna da mutan gida. Na ga saƙonki kan man kurajen fuska da kika gani a Facebook, wai na gansakukar teku.

Man yana nan, ba ƙarya ba ne. Wannan yanki na Faransa da ake kira Bretagne (ba ƙasar Birtaniya ba) da gansakuka aka san shi. A garin Roskof akwai cibiyar binciken halittun teku tun 1872, inda ake ajiye dubban ire-iren ƙananan gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masu bincike sun gano cewa wasunsu, kamar Phaeodactylum, suna fitar da wani kitse mai suna EPA da ke kashe ƙwayoyin cuta. Dalilin wannan nema shi ne ƙwayar da ke rura kurajen, Cutibacterium acnes, ta fara daina jin magunguna irin su erythromycin da clindamycin saboda yawan amfani da su. To amma akasarin aikin nan a ɗakin gwaji yake har yanzu. Abin da ke kan kanta kuwa kayan kwalliya ne, doka ba ta yarda a rubuta cewa yana warkar da cuta ba, ga tsada, ɗan ƙaramin bututu ya haura yuro 20. Ni dai ban ga abin da zai sa ki zuba kuɗinki ba.

Abin da ya burge ni a nan shi ne tsarin sayar da magani. A gida kina shiga kemis ki ce kuraje, a miƙo miki kafso da wani mai mai sa fata haske, wanda ƙarshenta yake ƙara ɓata fuskar. A nan ko za ki kwana kina roƙo ba za a ba ki kafson ba sai da takardar likita. Ganin likita yuro 30 ne, inshorar gwamnati ta mayar miki da mafi yawa. Sai dai likitan fata, ki yi wata da watanni kina jiran ranar ganinsa. A wannan kam gida ta fi sauƙi ga mai kuɗi a hannu.

Akwai man kuraje mai suna benzoyl peroxide na kashi 5 da ake sayarwa ba takarda, shi zan ba mai zuwa gida ya kawo miki. Yana busar da fata kuma yana cinye launin tufafi, don haka ki nisanta shi da atamfarki. Man haɗe-haɗen nan mai sa fata haske kuma ki ajiye shi tukuna.